Kazar Maɗori da Ƙafar Yayana

Ramin zinariya ne ya rufta wa yayana a Djado. Kwana huɗu ya yi a bayan kamiyo, babbar motar kaya, kafin a iso da shi Agadez, ƙashin ƙaurinsa ya dagargaje. Ni na ce a kai shi likita, wato asibiti, Inna ta ce sai maɗori. Wa ya isa ya ja da Inna?

Maɗorin ya ɗaure ƙafar da karare, sannan ya karya ƙafar wata kaza, ita ma ya ɗaure. Ya ce ranar da kazar ta taka, mai karaya ya taka. Sati uku kaza ta miƙe tana tonon ƙasa, aka kama Yaya aka tsayar da shi. Har yau ina jin ƙarar da ya saki.

Sai da ƙafar ta fara wari aka tuna da maganata. Da muka je likita, lokotoron da ya duba shi ya ɗaga hoton ƙashin wajen taga, ya nuna mana wurin da ya mutu, faɗin yatsu huɗu. Ya ce a yanke ƙasa da gwiwa, cikin satin nan.

Nan nawa haukan ya tashi. Na taɓa karantawa a wayar salula cewa ana ɗiban wasu ƙwayoyin halitta daga ɓargon mutum, a dasa su a giɓi, su tsiro da sabon ƙashi. Na kai masa salular har gaban hanci.

"Madam, ba ƙarya ba ne," in ji shi. "Amma can ma gwaji suke yi. Kuma ba a shuka a kan ruɓa."

Haushi ya kama ni, na ce a raina rago ne kawai. Na hana Yaya sa hannu. Wata guda ina aika saƙo da faransanci zuwa ƙasashen da ban taɓa gani ba, ina cika baki a tsakar gida, wai ni mai boko. Wuri ɗaya aka amsa mini, da fatan alheri.

Zazzaɓi ne ya maida mu likita. Wannan karon sama da gwiwa aka yanke.

Laifi tudu ne. Na daɗe ina tsine wa maɗori da kazarsa. Ran nan ina cikin yi, Yaya yana zaune, sandunansa jingine da bango, ya ce, "Ƙanwata, ya isa haka. Kaza sati uku ta ci mini. Ke wata guda."