Na Sauya Jirgin Ruwa, Na Bar Ta a Gaɓar Jidda

Shekaru da dama dattawan majalisarmu ta unguwar Ƙurban suna cewa ba zai taɓa yiwuwa a tara zuriyata wuri ɗaya ba. Hujjarsu kuwa ba ta banza ba ce. Babban ɗana yana aiki a nan Madina, hutu ba ya zuwar masa da sauƙi. Na biyu yana Kano da iyalinsa. 'Yata ta uku tana aure a Dammam. Suka ƙara da cewa ko an tara su, ba wanda zai iya fitar da uwarsu daga gida, domin ciwon zuciya da kumburin ƙafa sun riga sun zaunar da ita. Ni kuwa a wancan lokaci dattijo ne wanda ya haura saba'in, na ajiye aiki bayan shekara talatin da ɗaya a filin jirgin sama na Madina, a sashen karɓar alhazai, inda fasfo na kowace ƙasa ya ratsa ta hannuna. Na yi makarantar zamanin da malami ke duba farcen yaro da tsabtar rubutunsa kafin ya duba amsarsa. Na tashi da yaƙinin cewa duk abin da aka rubuta a takarda ba ya gagarata, kuma kalmar da na fi ƙi a duniya ita ce a ce mini abu ba zai yiwu ba. Ina rubuto wa wannan mujalla ne, ya Edita, domin in faɗi da bakina yadda na yi abin da suka ce ba zai yiwu ba, sannan na rushe shi da hannuna.

Uwargidana Bahaushiyar Sudan ce, kuma fasfon Sudan take riƙe da shi har ƙarshen rayuwarta, alhali ni da 'ya'yana na Nijeriya muke da shi. Tana 'yar shekara bakwai iyayenta suka ƙetaro da ita daga Sawakin a wani jirgin katako. Ta sha ba mu labarin yadda aka cusa mata da yara a ƙasan jirgin, cikin duhu da warin kifi, suna amai, har aka sauke su ba ta ga ruwan da ta ƙetare ba. Takan ce ta ga teku daga gaɓa sau da yawa, amma tana da buri ɗaya, ta gan shi daga tsakiya, a zaune, da 'ya'yanta kewaye da ita. Mun yi shekara arba'in da shida tare, ban taɓa jin ta roƙe ni wani abu na kanta ba sai wannan. Da likita ya gaya mana cewa mu daina lissafin shekaru mu koma na watanni, sai na ɗaura aniyar cika mata shi.

Autarmu, wadda ke zaune tare da mu tana jinyar uwarta, ita ta nemo jirgin. Na wani kamfani ne mai yawon shaƙatawa na kwana uku, ya tashi daga Jidda, ya bi gaɓa zuwa wajen Yanbu, ya tsaya a wani tsibiri, ya komo. Ba ya fita daga ruwan Saudiyya, saboda haka mai iƙama, wato takardar zama, ba ya buƙatar komai bayanta. Na amince, aka kama ɗakuna, na rubuta wa kowane ɗa wasiƙa ta musamman, kuma cikin ikon Allah duk suka amsa. Uwarsu ta sa aka ɗinka mata sabuwar riga, ta fara ƙirga kwanaki da yatsa kamar amarya.

Kuskurena ya soma ne a majalisa, bayan wata La'asar, a bakin shagon mai shayi. Na ba da labari da alfahari. Akwai wani tsohon tela mutumin Chadi, maƙwabcina kuma abokin wasana na shekara arba'in, wanda ke kirana Mudir, wato shugaban ma'aikata, domin tsokana. Ya kurɓi shayinsa ya ce, “Ashe Mudir kwale-kwalen masunta zai hau? In dai Yanbu ce, ai sai in ba ku aron motata, ku buɗe gilashi ku sha iska.” Aka yi dariya. Wani kuma ya kawo labarin wani ɗan kasuwa na unguwar Al-Ranuna da ya ɗauki iyalinsa a babban jirgin wani kamfani dabam, mai hawa goma sha wani abu, kwana bakwai, yana tsayawa a tashoshin ƙasashen waje biyu. Na yi dariya tare da su, amma na koma gida maganar tana cina. Washegari, ba tare da shawarar kowa ba, na soke kamun da muka yi, na mayar da mu wancan babban jirgin, wanda zai tashi mako biyu bayan na farko.

Da na sanar da gida, uwargida ta ce duk wanda na zaɓa ya yi mata, in dai ruwan ɗaya ne. Auta ce ta nuna damuwa. Ta ce tunda jirgin zai shiga wasu ƙasashe, ya kamata a karanta sharuɗɗan kamfanin da kyau, musamman a kan fasfon Umma. Na amsa mata da cewa tun ba a haife ta ba nake riƙe fasfo. Ta bar maganar, kamar yadda muka rene ta. Na zauna na yi wa kowa takardunsa ɗaya bayan ɗaya, na shirya su a jakar fata da alamar launi ga kowane gida: izinin fita da komowa ga masu iƙama, bizar ƙasashen biyu ga 'ya'ya da jikoki da ni kaina. Da na zo kan uwargida sai aka ce bizar mai fasfo irin nata tana ɗaukar lokaci mai tsawo. Ban damu ba. A aikin da na sani, fasinjan da jirgin sama ya yada zango da shi, muddin bai fita daga jirgi ko zauren jira ba, ba a tambayarsa bizar wannan ƙasa. Na yi wa dubban mutane wannan hukunci da alƙalamina. Ita kuwa ba ta iya tafiyar taku ashirin, ba za ta sauka ko'ina ba. Na ɗauki dokar sama na ɗora wa teku, na sa hannu a ƙarƙashin shafuka huɗu na sharuɗɗa waɗanda ban karanta ba, ni da na yi shekaru ina tsawata wa ƙananan ma'aikata cewa matambayi ba ya ɓata.

Ranar tafiya muka isa tashar jiragen ruwa ta Jidda mu goma sha tara. Jikoki mata sun yi wa kakarsu lalle har wuyan hannu, tana zaune a keken marasa lafiya cikin sabuwar rigarta, na Kano suna yi mata Hausa, na Dammam suna amsa mata da Larabci, tana yi musu dariya gaba ɗaya. Ta cikin gilashin zauren ana ganin gefen jirgin, fari fat kamar katangar gari. Na miƙa jakar takardu ga wata matashiyar ma'aikaciya, ta wuce da fasfo goma sha takwas, ta tsaya a kan na goma sha tara. Na gyara tsayuwa na yi mata bayani da Larabcin littafi, na faɗi shekarun da na yi a aiki, na kawo mata hukuncin mai yada zango. Ta saurare ni har na gama, cikin ladabi, sannan ta kira ni baffa da Larabci ta ce, “Ya Ammi, wannan ba jirgin sama ba ne. Idan jirgi ya shiga tasha, duk wanda ke cikinsa ya shiga ƙasar, ko ya sauka ko bai sauka ba.” Ta juyo mini da shafi na uku, ta ɗora yatsa a kan layin, ta nuna mini sa hannuna a ƙasa. Na nemi shugabanta, ya zo, ya maimaita abin da ta faɗa. Jirgin farko kuwa, wanda iƙama kaɗai ke isa a hau shi, ya riga ya tafi ya dawo tun mako biyu.

A nan ne abin da ya sa na ɗauki alƙalami yake. 'Ya'yana maza suka ce a fasa tafiyar gaba ɗaya. Uwarsu ta hana, ta ce yara sun zo daga nesa, an yi musu alkawari, duk wanda ya fasa saboda ita ba ta yafe ba. Auta ta ce ita za ta koma da ita Madina, ta faɗi haka ba tare da ta dube ni ba. Saura ni. Ba wanda ya isa ya tilasta mini hawa, kuma wurina a fili yake, bayan kekenta. Ta kama gefen hannun rigata ta ce, “Malam, ka shiga. Ka duba mini shi daga tsakiya, ka zo ka ba ni labari.” Na daɗe ina gaya wa mutane cewa umarninta na bi. Yau ina shaida cewa ba haka ba ne. Abin da ya tsaya mini a rai a wannan lokaci shi ne majalisa, da fuskar tela idan aka ce Mudir ya je har bakin jirgi an juyo da shi a kan takarda. Na hau. Kafin jirgi ya bar tasha na sa jikana ya ɗauke ni hoto a saman bene, na tura wa majalisa. Ita ban waiwaya na ga ta wace ƙofa aka fita da ita ba.

Kwana biyun farko muna waya da ita, muryarta ƙasa-ƙasa, tana tambaya ko yara suna cin abinci. Daga nan jirgi ya shiga tsakiyar teku, waya ta ɗauke yini guda cur. Na sami kujera a gefen da babu hayaniya, na buɗe ɗan littafina, na shiga rubuta mata abin da ta aike ni: yadda ruwan ke baƙi-baƙi da safe ya koma shuɗi kamar baba da hantsi, yadda babu tsuntsu ko ɗaya, yadda farar hanya ke bin jirgi a baya sannan ta shafe. Na cika shafi shida, ina gyara jimloli, ina jin daɗin yadda zan karanta mata. Da hantsin washegari, muna dosar tashar farko, sai wayoyinmu suka ɗauki ƙara a lokaci ɗaya. Babban ɗana ne ya fara dubawa. Ya zauna a ƙasa, a gaban mutane, ya rufe fuska.

Ta rasu ne da safiyar ranar da nake rubutu. Tun da daɗewa ta bar wasiyya ga kowa cewa kada a ajiye ta a ɗakin sanyi, kada a jira kowa, ko ni. Auta ta nemi mu ta kowace hanya, saƙon bai riske mu ba. Tela ne ya rufe shagonsa, ya yi zirga-zirgar takardu tare da limamin unguwa, mazan majalisa suka ɗauke ta a kafaɗa. Aka yi mata salla a Masallacin Annabi bayan Isha'i, aka kai ta maƙabartar Baƙi'a. Bizar da na yi wa kaina ita ta ba ni damar sauka in hau jirgin sama, na shigo Madina ta zauren da na yi shekara talatin da ɗaya ina tsaye a cikinsa, wani matashi ya buga mini hatimi bai san ko ni wane ne ba.

Wanda bai san Madina ba ya sani, a Baƙi'a ba a rubuta suna a kan kabari, dutse ne kawai a kan tudun ƙasa, dubbai, duk iri ɗaya. Mata kuma ba sa shiga. Auta, wadda ita kaɗai ce jininta a garin a wannan rana, a bayan shinge ta tsaya. Bayan sallar Asuba tela ya kama hannuna muka shiga, muka yi tafiya mai nisa, ya tsaya yana dube-dube, ya nuna wani yanki da hannu. Na ce wanne ne a ciki. Ya ce gawa shida aka kawo tare, jama'a ta yi yawa, an tura shi baya. Bai kira ni Mudir ba. Ya ce, “Ɗan'uwa, wallahi ban riƙe ba. Tsakanin nan ne da can.” Ya roƙi gafarata a kan maganar kwale-kwale. Na ce masa shi wasa ya yi, ni ne na mayar da wasa hukunci.

Tun daga ranar ban koma majalisa ba. Auta tana kawo mini abinci, tana gaishe ni yadda ya kamata, ba ta taɓa cewa ta faɗa mini ba, kuma shirun nan ya fi mini zagi zafi. 'Ya'yan da na tara sun watse, ban ga abin da zai sake tara su ba. Na san ajali ba ya gaba ba ya baya, da na bar mu a jirgin farko ma da ta rasu a ranar da ta rasu. Amma da ta rasu ta ga tekunta, kuma da ina riƙe da ƙafar makararta. Waɗannan biyun ba ajali ne ya hana su ba. Littafin yana aljihuna, nakan shiga Baƙi'a da shi in tsaya tsakanin nan da can, ban taɓa iya buɗe shi ba.

Ina kira ga dattawa irina, waɗanda suka ƙware a wani aiki har suka ɗauka duniya duka a kan dokarsa take tafiya: idan ƙaramar 'yarka ta ce a karanta, ka karanta. Idan iyalinka sun daidaita a kan abu mai sauƙi wanda zai isar, kada ka sauya shi domin bakin mutanen da za su manta da maganar kafin shayinsu ya huce. Idan kuma aka tsayar da naka a ƙofa, ka tsaya tare da shi, ko da shi ne ya ce ka wuce.

Ranar rasuwarta tana cikin takardar asibiti, ba ta buƙatar shaidata. Tunda ba ni da dutsen da zan rubuta wa suna, ina roƙon Edita ya buga mini wata ranar dabam yadda na rubuta ta, kada a gyara, kada a rage, domin jikokina su same ta bayan ba ni. Ita ce ranar da aka tura kekenta zuwa ƙofar fita ni kuma na taka matakalar jirgi: Asabar, bakwai ga watan Rajab, tsakanin Azahar da La'asar.