Yatsan Tanimun Mai Ruku'u

Tanimun na Tsarnawa tun bai iya ɗaura wando ba yake sara wa duk abin da ya gifta. Ya sara wa jandarma, ya sara wa jakin maƙwabta, an ce har rumbu ya taɓa ƙame wa. Burinsa guda ne, kakin soja.

A shekarar 1987, saura wata biyu a ɗauki sabbin soja a Tawa, ya tafi Malbaza dakon siminti don jiki ya yi ƙwari. Aka wurgo buhu daga saman mota, ya tare da kan yatsan tsakiya na hannun dama. Ko jini bai fita ba. Gaɓar ƙarshe ce kawai ta sunkuya, ta ƙi ɗagowa.

Likitan Konni ya ce jijiyar da ke miƙe yatsan ce ta tsinke. Ya ɗaure shi da ƙyalle a jikin ɗan itace, ya ja masa kunne: sati shida, kada ya lanƙwasa ko sau ɗaya, in ya lanƙwasa an koma farko.

Da aka kawo tuwo, Tanimun ya miƙa hagu. Uwarsa, Goggo Tabawa, ta kaɗe hannun da ludayi.

"Ba a gidana ba! Shaiɗan ka ci da hagu."

"Inna, likita ya ce..."

"Likitan da wane hannu shika ci?"

Ta kwance ƙyallen, ya dunƙula lomarsa da dama kamar ɗan mutane, ta mayar da itacen ta ɗaure tamau, har ya fi na likita kyau. Haka suka yi safe da yamma, sati shida cur. Cokali kuwa yana nan soke a jikin danga, ba wanda ya tuna da shi.

Ranar awo a Tawa, Tanimun ya tsere wa kowa a gudu. A faɗarsa, na biyu sai washegari ya iso. Sannan aka ce kowa ya miƙe hannuwa. Yatsu tara suka ƙame, na goma yana ruku'u.

"Miƙe shi!" in ji sajan.

"A miƙe yake, ranka shi daɗe."

Kafin la'asar yana cikin motar Konni.

Taubashiyarsa Binta ta tarye shi a ƙofar gida. "Sannu da yaƙi, Janar! Ina bindigar?"

"Bari, baiwata. Sun ce na fi ƙarfin aikin."

Ya koma Malbaza, ya zama mai nuna wa direbobin siminti inda za su tsaya. Binta ta rantse duk wanda ya bi yatsan nan sai ya tsinci kansa a rijiya. Goggo Tabawa kuma har ta rasu tana cewa ɗorin likita ne bai yi kyau ba.

Har yanzu in motar soja ta wuce, Tanimun kan ƙame ya sara. Da hagu yake yi, nan ne yatsun suka cika biyar a tsaye.