Igiyar da Pak Deraman Ya Bar Mini

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, tara ga watan Sha'aban, ina tsakiyar koyar da ɗalibai a tsangayar zane-zanen gine-gine aka kira ni daga garin Marang, aka ce Pak Deraman bin Jusoh (Pak a wurinmu kamar a ce Baba ne), kafintan gidajen katako, ya rasu bayan sallar Azahar yana da shekara tamanin da huɗu. Na ajiye allin na fita, ban ko sallami ɗaliban ba.

Pak Deraman, shekara uku muka yi muna zaga ƙauyukan jiharmu ta Terengganu tare, saboda binciken da nake yi na auna kyan gidajen gargajiya da na zamani. Ina da takarda mai layi-layi, kowane gida in ba shi maki daga ɗaya zuwa biyar: tsari, ado, haske, iska. Kai ne mai yi mini iso, domin ba gidan da ake rufe maka ƙofa. Rabinsu kai ka gina, ba ƙusa ko ɗaya, kuma idan ruwan damina ya ci matakalar wata gwauruwa, kafin ta yi magana ka iso da gatarinka. In na gama rubutu sai ka leƙo ka ce, "To Malama Dokta, wannan ya ci jarrabawa ko sai ya maimaita aji?" Ina jin haushi, ina dariya.

Abin da ya sa nake wannan rubutu da nauyin zuciya shi ne gidan mahaifiyata, Sepiah. Bayan rasuwarta, ni da yayana Shukri muka yanke shawarar rushe shi bayan ƙaramar Sallah, mu yi na siminti. Na sa shi cikin bincike don in wanke kaina, na ba shi maki biyu. Na rubuta cewa ƙofarsa ta yi gajarta, tagoginsa sun yi ƙasa, matakalarsa ƙanana ne kamar na wasan yara. Ni mai tsawo ce, na gaji da buga goshi.

Ranar da muka je gidan, ka karɓi takardar ka daɗe kana kallo. Ka ce, "'Yar Sepiah, da me kika auna?" Na nuna maka abin awona na ƙarfe. Ka ce, "Wannan bai san uwarki ba." Na ce maka, da muryar da ba a yi wa dattijo magana da ita, ilimi ba ya tafiya da tatsuniya. Ka sa takalmanka ka sauka. Wata biyar ke nan, kullum ina cewa gobe zan je in ba ka haƙuri. Ban je ba.

Da na je gaisuwa, matarka Mak Som, wato Inna Som, ta ja ni ɗaki ta buɗe wani tsohon akwati. Cike yake da igiyoyi, kowace da ƙulle-ƙulle da sunan mace. Ta ce, "Ai shi ba ya kafa ginshiƙi sai ya auna matar gida. Gabarta, wato faɗin hannuwanta biyu a miƙe, da kamunta, da taƙinta, da su ake yanka kowane katako. Ga ta uwarki. Ya ce in kin huce a ba ki."

Na sani a littafi cewa haka magabata suke yi, har na koyar da shi. Ban taɓa kawo wa raina cewa a cikin irin wannan gida na girma ba. Na tafi gidan mahaifiyata da igiyar a ranar. Tsakanin ginshiƙi da ginshiƙi, gabarta ce sau uku cif. Tagar da na raina tana daidai inda haɓarta take kaiwa idan ta zauna tana tsintar shinkafa tana jiran dawowarmu daga makaranta. Na riƙe bakin igiyar biyu na miƙe hannuwana, sai ta ƙare kafin hannuna ya ƙare. Ashe ƙaramar mace ce haka, kuma cikin wannan ɗan faɗin ta rungume mu mu biyu. Na zauna a matakalar na yi kukan da ban yi ba ranar jana'izarta.

Na kira Shukri ya zo ya riƙe igiyar da kansa. Mun sallami ma'aikatan da muka ɗauka su rushe gidan.

Allah Ya jiƙan ka, Pak Deraman, Ya yalwata maka kabarinka, Ya gina maka gida a Aljanna Firdausi. Allah Ya ba Mak Som da 'ya'ya da jikoki da mutanen Marang haƙurin rashinka. Ni kuma haƙurin da ban ba ka ba, ina roƙon Allah Ya isar maka da shi. Jiya ma na buga goshi a gajeriyar ƙofar nan, na sunkuya na shiga.

Rosnani binti Mat Zin
Kuala Terengganu