Guru da Wuƙar da Suka Riga Ni Isa Gida

Hantsi ne, abin da masu agogo suke kira ƙarfe takwas, ranar Laraba, bayan an gama kai gero rumbu. Mu huɗu ne a ƙofar gidanmu a Madarumfa: ni, da mahaifina, da matata goye da 'yarmu, sai innata da ta tsaya daga cikin zaure ta ba mu rabin baya, domin ni ne ɗanta na fari, ba ta kallona ido da ido, ba ta kuma taɓa kiran sunana ba. Malam edita, a lokacin ni sabon magidanci ne. An taɓa kama ni an kai ni lakwal, wato makarantar boko, a Maradi na yi shekara biyu, na iya haɗa baƙaƙen boko, sai nake ganin duk garin babu wanda ya kai ni tsari. Mutum ne ni mai son komai ya zauna a wurinsa, har hauyata ba na yarda a jingine ta inda ban saba ba. Gidanmu manoma ne, da rani kuma mu shiga tabki kamun kifi. Muna sallah, amma kakanni sun bar mana wasu al'adu da ba a wasa da su.

Abin da ya fitar da ni daga gida abu biyu ne. Na farko, sau biyu gardi, wato 'yan sandan Nasara, suna ɗaukata aikin dole na gyaran hanya, ina barin gona cikin ciyawa. Na biyu, shekarun nan na bayan babban yaƙin Turawa tufafi sun yi wuya, ga samari suna dawowa daga Kurmi da akwatuna da zannuwa, matata kuwa zanenta na fita guda ɗaya ne. Sai na ƙudurta zan je Kumasi in yi damina biyu in dawo. A safiyar nan mahaifina ya fito da wani tsohon guru na fata, wanda ake ɗaurawa a ƙugu don tsarin jiki, da wuƙar damtse, ya ɗaura mini su da hannunsa. Ya ce kakana ya je fatauci da su ya dawo da su a jikinsa, ƙanen kakana kuma ya je da su, su kaɗai suka dawo. Ya ce a gidanmu kayan nan hanya biyu gare su ta komawa, ko a jikin mai su, ko a hannun wanda ya binne shi. Na ce na ji. Matata ta katse mu da zolaya, ta ce in na kuskura na dawo da matar Kurmi mai cin rogo, to in gina mata ɗaki a tsakiyar tabki, ita dai zane take so mai hoton tsuntsu. Har mahaifina sai da ya murmusa. Innata kuwa sai ta aiko ƙanwata da ƙullin gari a ba wancan mai tafiya.

A Kumasi na sauka a zango wurin wani maigida mai cinikin goro, ya sa ni ɗaurin huhu. Aiki ne da ya dace da halina: a zaɓe goro, a fitar da mai tsutsa, a shimfiɗa ganye, a jera, a yayyafa ruwa, a ɗaure tam. Ba da daɗewa ba fatake suka riƙa neman ɗaurina, suna cewa huhun ɗan Maradi ba ya bushewa a hanya. Bayan la'asar kuma na shiga ɗaukar karatu wurin wani malami. Wata rana ina alwala ya hangi gurun, ya tambaye ni abin da ke ciki, na ce ban sani ba, gadon gida ne. Ya ce shi dai shawararsa in cire, tunda babu tabbacin aya ce a ciki. Na cire. Wani abokin aikina ya ce in jefa a rafi in huta, na ce a'a, amana ce, mai ita yana raye, amana kuwa wurin mai ita take komawa. Kada mai karatu ya ɗauka na manta maganar mahaifina. Na tuna da ita sarai. Sai dai na yi lissafi irin nawa, na ce ai in kaya suka je tare da bayani, bayanin zai kashe al'adar.

Na sami wani bafatake mai zuwa Katsina, na naɗe guru da wuƙar cikin zannuwa biyu na matata, na haɗa da goron mahaifina. Na ba shi saƙon baki kashi uku: ina nan lafiya lau, na cire gurun ne saboda karatu, kuma ina tafe bayan damina mai zuwa. Na sa shi ya maimaita har ya yi mini dariya, ya ce ko gaban alƙali ba a yi masa wannan titsiye ba. Takarda ban rubuta ba, domin babu mai karanta boko a gidanmu, kuma a zamanin nan takarda tsoro take ba mutane, sai a zaci sammaci ce daga kumandan, Baturen da ke mulkin ƙasar. Na koma bakin aikina hankali kwance. Abin da ban sani ba sai daga baya shi ne, zazzaɓi ya kwantar da bafataken a Katsina, ya miƙa ƙullin ga wani mai jakai da zai bi ta Jibiya. A kan iyaka 'yan duwan, wato 'yan kwastan, suka ƙwace zannuwan da goron. Mai jakai kuma ya ba wata mai sayar da daddawa da za ta ci kasuwar Madarumfa, abin da ya gaya mata kawai shi ne, na gidan wane ne, daga Kurmi. Haka guru da wuƙa suka isa hannun mahaifina tsirara, babu zane, babu baki.

Watanni suka shuɗe. Da rani ya kama, 'yan cin rani suka fara isowa zango. Wata safiya ina tsugune ina jera goro, sai ga wani mutumin Safo, garin da ke kusa da namu, da muka saba haɗuwa a kasuwa ya shigo rumfar da buhunsa a ka. Yana ganina ya yar da buhun, ya ɗauki salati, ya faɗa bayan huhuna yana cewa a riƙe shi. Da ƙyar ya yarda ya matso, ya mintsini hannuna, ya ce in yi magana ya ji. Da ya tabbata ni ne, sai ya zauna a ƙasa ya ce wallahi ya ci gumbar sadakar arba'in ɗina, kuma ta yi zaƙi, da ya san ina raye da ya nemi ƙari. 'Yan rumfa suka fashe da dariya, wani ya ce to ga mamaci yana ɗaurin goro, a rage masa lada. Ni ban yi dariya ba, shi ma da ya dubi fuskata sai ya daina. Ya ja ni gefe ya jero mini: mahaifina ya karɓi kayan, ya jira kasuwa biyu ko wani zai zo da bayani, babu wanda ya zo, sai ya tara mutane aka yi sadaka. Innata kuwa an ji ta a bakin tabki tana kiran sunana da ƙarfi, sunan da ba ta taɓa furtawa ba. Matata ta yi takaba ta fita tun kafin ya baro gida, masu zawarci sun fara zuwa, kuma wanda ya fi ƙarfi shi ne maƙwabcin gonarmu, wanda ya nome gamanata, wato 'yar gonar kaina, ya kai wa matata da 'yata hatsin.

Ban ƙarasa huhun da ke gabana ba, kuma shi ne aiki na farko da na taɓa bari a buɗe. Maigidana ya ce in jira ayari, na ce aure ba ya jiran ayari. Na sayi wani zanen mai hoton tsuntsu, na hau mota zuwa Akara. Can na zauna jiran jirgin ruwa, kullum in je bakin teku a ce gobe. Abinci ya daina shiga mini. Duk macen da na gani da lalle a ƙafa sai in kau da kai. Ina tsara abin da zan faɗa in na isa, in fara da mahaifina, sannan liman, sannan surukina, in rushe in sake tsarawa. Da muka sauka Ikko ciwon ciki ya kayar da ni a gidan wasu Hausawa, ina jin kukan jirgin ƙasa yana tashi zuwa Kano, ni ko tsayuwa ba na iyawa. Ina kwance ina tambayar kaina, yau wace kasuwa ce a gida, an kai goron tambaya ko ba a kai ba. Da na ɗan farfaɗo na shiga jirgin, daga Kano na sami kamyo, wato babbar motar kaya, zuwa Katsina, sauran kuma na taka da ƙafa, ba na tsayawa ko'ina sai don sallah.

Da azahar na shigo ta bakin tabki. Matan da ke ban ruwa a lambu suka watsar da tuluna suka gudu. Na sami mahaifina a ƙofar gida yana ɗinkin taru. Ya ɗaga kai, bai fara duban fuskata ba, ƙuguna ya fara duba. Sannan ya ce in zauna in sha ruwa. Innata ta fito da gudu babu mayafi, ta tsaya ta dube ni cikin ido, karo ɗaya ke nan a rayuwata, sannan ta juya ta ce wa ƙanwata a kawo wa wancan fura. Na leƙa ɗakin matata, na tarar an cika shi da harawa. An ɗaura auren ne a makon da nake kwance a Ikko.

Liman ya ce hukunci a fili yake, aurena yana nan tunda ban mutu ba ban kuma saki ba, za ta yi tsarki ta dawo ɗakina. Mutumin da ya aure ta ya zo da kansa, hula a hannu, ya ce ba zai ja da ni ba, shi ya ɗauka marainiya yake riƙewa. Na shirya karɓar haƙƙina. Aka haɗa ni da matata a zauren mahaifinta, tana zaune bayan gwaggonta, kuma da gwaggon ta yi magana, ba da ni ba. Ta ce in an ce ta koma za ta koma, ba ta musu da shari'a. Amma a gaya wa baƙon nan, ta kwance kitsonta, ta zauna kan tabarma wata huɗu da kwana goma, ta koya wa 'yarta cewa ubanta yana wurin Allah, ta gama binne shi a cikinta, ba ta san yadda ake tono mutum ba. Ta ce ta ji ana yabon ɗaurinsa, goro ya kai Katsina bai bushe ba, to yaya aka yi magana guda ta kasa kaiwa gida? Na dubi 'yata, ta ɓuya bayan uwarta tana leƙena kamar yadda matan lambu suka yi. Washegari na je wurin liman na sawwaƙe mata, bayan ta gama idda aka sake ɗaura musu. Zanen na ba gwaggon ta kai mata. 'Yata har ta yi aure Baban Kurmi take kirana. Mahaifina ya ce shi ma da nasa laifin, da ya tura mutum ya bi sawun kayan har Katsina kafin a dama gumba. Ya sa gurun a tukunya ya rufe, bai sake ɗaura wa kowa ba.

Abin da na koya shi ne, kaya suna da ƙafa, magana ba ta da ita. Duk hannun da ƙulli ya shiga, kayan za su wuce, maganar ta tsaya nan. Kuma al'adar gidanku tana ci gaba da aiki a gida ko da kai ka daina yarda da ita a waje. Ban zargi malamina ba, ban zargi mai daddawa ba, kowa ya yi iyakar abin da aka ɗora masa.

Don haka ina roƙonka, kai mai karatu, in kana shirin barin ƙasa, zauna da dattawan gidanku ka tambayi ma'anar duk abin da suka ɗaura maka, kada kuma ka aika komai gida sai a hannun wanda zai tsaya a ƙofarku ya ce ya gan ka da idonsa. In kai ne na gida, kada ka yarda a yi sadakar matafiyi sai ka ji daga bakin wanda ya ga kabarinsa. In kuwa ka san wani da ya ɗaure kayansa yana jiran safiya, don Allah karanta masa wannan kafin ya fita ƙofa.