Talibambam a Kududdufin Kakana

Ran nan na bi ta layin masu sayar da maganin feshi a kasuwar Birnin Kebbi, sai warin ya buge ni. Ba maganin ne ya dame ni ba, abin da ya tuna mini ne.

A shekarun da aka ƙirƙiro jiharmu, ina ɗan shekara goma, muna noman shinkafa a fadamar Zauro. A gefen gonar kakana akwai wani ɗan kududdufi ƙarƙashin kanya. Nan yake alwala, nan suke dama fura shi da amininsa, wani tsoho mai gona a samanmu. Kakana yana da al'ada guda: ba ya ɗibar ruwa sai ya leƙa ya ga talibambam, 'ya'yan kwaɗi, suna kaɗa wutsiya a ciki. In suna wasa, ruwa lafiya lau. Mukan yi masa tsiya cewa kwaɗi ne likitocinsa, shi kuwa ko a jikinsa.

Daminar nan mahaifina ya sayo famfon feshi na goyo, ya ɗora mini wanke shi. Ya ce in kai shi can tudu, in haƙa rami in zuba ɗaurayen. To, tudun da nisa, ni kuwa rago ne tun ina ƙarami. Sai na riƙa ɗauraye shi a kududdufin idan manya sun wuce gida. Washegari nakan leƙa, in tarar da talibambam suna nan da ransu. Na ce ashe ba komai, na ci gaba.

Ba su mutu a lokaci guda ba, shi ya sa na daɗe ban gane ba. Bayan 'yan makonni suka rage gudu. Wani farin abu kamar auduga ya fito musu a jiki, cikin wasu ya kumbura, kana kai hannu ka kamo su ba gardama. Kakana ya ɗebo ɗaya a tafinsa, ya daɗe yana dubawa.

"Wanga ba ciwon Allah da Annabi ba ne," in ji shi. "An kashe musu ƙarhin jiki. Wa ka zuba magani cikin ruwan ga?"

Ina tsaye kusa da shi har ina jin ƙanshin goro a bakinsa. Na kau da kai, na ɓoye laifina.

Da yake ruwa daga gonar amininsa yake gangarowa, shi ma kuma yana feshi, can zargi ya faɗa. Tsohon ya rantse bai taɓa ba. Kakana ya ce masa, "Shekara nawa muna shan ruwan ga tare, ka yi min haka?" Tsohon ya ɗauki ludayinsa ya tafi. Daga ranar kowa ya koma shan furarsa shi kaɗai. Gaisuwa dai ba ta yanke ba, amma ta zama irin ta kan hanya. A haka kakana ya rasu. Tsohon nan ya zo jana'iza ya tsaya a sahun baya, ni kuma ina gaba cikin jikoki ana yi mini ta'aziyya.

Yanzu kududdufin ya cike, an shuka albasa a wurin, kuma da damina kukan kwaɗi bai kai na da ba. 'Yata da ke karatun kimiyya ta yi mini bayani cewa maganin ƙwari, ko kaɗan ne, yakan raunana garkuwar jikin talibambam, sai cutar da a da suke shanyewa ta kayar da su. Abin da kakana ya gani ke nan a tafin hannunsa. Na ba ta labarin, na tsallake wurin da ya shafe ni.

Ta ce, "Kai, amma tsohon nan bai kyauta ba, Baba."

Ka ga yarinyar da ba ta taɓa ganinsa ba, ita ma ta ɗora masa. Na ce mata, "Zauna. Ba shi ba ne."