Ciwon Cikin da Na Yi a Mungadi

Ba a daɗe da ba mu jihar Kebbi ba aka tura ni koyarwa firamaren Mungadi. Ni ɗan Sabon Garin Jega ne, ban taɓa zama ƙauye ba, kuma lokacin ban yi aure ba. Aka ba ni ɗaki guda a bayan makaranta, mai taga ɗaya da ke kallon gonakin gero.

Mutanen garin sun karɓe ni. Kullum bayan la'asar sai in tafi zauren wani dattijo maƙwabcina, inda magidanta ke haɗa akusa a ci tare. Can na koyi sunayen mutane da na gonakinsu.

Cikin daminar farko ciwon ya fara. Cikina ya riƙa kumburi yana ƙugi, yau gudawa, gobe babu, jibi ta dawo. Sai in tsaya tsakiyar darasi in ajiye alli in fita da sauri, in dawo in tarar aji ya yi tsit. A ɗakin shan magani na Maiyama aka ce gyambon ciki ne, in bar yaji da tsami. Na bari. Na sha farin maganin ruwan da suka ba ni kwalba bayan kwalba, amma wandona sai ƙara yi mini yawa yake.

Na daina zuwa zaure, don kunyar tashi daga kan akushi ana cikin ci. Ban gaya wa kowa dalili ba. Daga baya na ji ana cewa malamin birni ƙyamar abincin ƙauye yake yi. Maganar ta yi mini zafi, amma ban san yadda zan gyara ta ba. Na koma dama koko marar tsami a ɗaki, in sha ni kaɗai, ina jiyo dariyarsu ta bayan danga.

Da na je gida hutu, Inna ta dube ni ta kama haɓa.

"Wanga ba ciwon asibiti ba ne," in ji ta. "Sammu aka yi maka."

Ta haɗa ni da rubutu da sassaƙe. Na koma da su, kuma na koma da zargi a zuciyata. Duk wanda ya miƙo mini fura sai in ce na ƙoshi. Haka na ƙara nisa da mutane har damina ta biyu ta wuce.

Akwai wani tsohon Bafulatani da ke bi da shanunsa ta bayan makaranta zuwa tafkin da nake ɗibar ruwa idan rijiya ta yi ƙasa. Gaisuwa kawai ke haɗa mu. Wata safiya ya tsaya, ya jingina da sandarsa, ya daɗe yana kallona.

"Malam, kana cin abinci?"

"Ina ci, Baffa. Ba ya zama ne."

"Haka maruƙana ka yi," ya ce. "Ciki shi kumbura, gashi shi tashi, shina ci shina ramewa. Tsutsa ce. Ka tahi a duba ka."

Na ji haushin an kwatanta ni da maraƙi, har ban amsa masa da kyau ba. Amma maganar ta kwana biyu tana yi mini yawo a kai. Ranar kasuwar Jega na hau motar albasa, na sauka asibiti ban ko biya ta gida ba.

Mai awo ya ba ni wata 'yar kwalba ya ce in kawo bayan gida. Na zauna a benci cikin mutanen da ban sani ba, kowa da mai rakiya sai ni. Da ya gama dubawa ya kira ni, ya ce in sa ido a madubin na'urarsa. Na ga wasu abubuwa zagayayyu, launin ƙasa-ƙasa.

"Ƙwan tsutsar ciki ke nan," ya ce. "Wane ruwa kake sha?"

Na gaya masa. Ya girgiza kai, ya ce in riƙa tafasawa, in daina yawo ba takalmi a fadama. Likita ya rubuta mini ƙwayoyi, ya ce watakila su ne duk matsalar, watakila akwai wani abu tare da su, in dawo a sake awo.

Abin da ya fita daga cikina bayan kwana biyu ba zan kwatanta shi ba. Na zauna a bakin ƙofa ina son in gaya wa wani, babu kowa kusa. Sauƙi ya zo a hankali, sai da na sha magani karo biyu.

Kafin in mayar da jikina takardar canjin wurin aiki ta iso, aka mai da ni Maiyama. Ranar tafiya na ɗaure katifa da tukunya a bayan keke. Lokacin girbi ne, kowa yana gona, don haka mata biyu da ke sussuka a bakin hanya kaɗai na yi wa sallama.