Ɗijatu Mai Girki da Farar Teku

Duk wanda ya taɓa cin abincin biki a unguwar Tayuri, da wuya a ce bai ci daga tukunyar Ɗijatu ba. 'Yar Damagaram ce. Ta iso garin Sabha, can ƙetaren Sahara, shekara ashirin da bakwai da suka wuce tare da mijinta Rabe mai walda, da wata tabarya da ta rantse ba za a bar ta a gida ba. Da farko ƙosai take soyawa a ƙofar gida. Wata rana maƙwabciyarta Mabruka, haifaffiyar Fezzan, yankin da Sabha take, ta ɗanɗana miyarta, ta ja ta zuwa bikin ƙanwarta don ta taya aiki. Tun daga ranar suka zama abokan sana'a. Mabruka ta koya mata kuskus irin na Larabawa, ita kuma ta koya wa Mabruka dambu da haɗin yaji. Mabruka tana jin Hausa, gadon kakarta, sai dai Hausar tata ba ta bambanta mace da namiji. A bakinta kowa "kai" ne.

Akwai halin Ɗijatu da kowa ya sani: ba ta ganin abinci ta wuce. Sai ta ɗanɗana, ta lumshe ido, ta faɗi abin da aka sa da abin da aka manta. Takan kuma bugi ƙirji ta ce cikinta na ƙarfe ne, Malam Rabe da kansa ya yi masa walda.

Bara, bayan ƙaramar salla, autarta Murja ta sa sunan uwar tata a wata tafiyar yawon buɗe ido ta mata zalla zuwa Tunisiya, kwana shida a babbar mota. Ɗijatu ta ce ba ta ɗaga ƙafa sai da Mabruka. Shi kuwa Rabe cewa ya yi ya ƙoshi da tafiya tun ranar da ya ƙetare Sahara a bayan akori-kura, su je su dawo lafiya.

Daga Tarabulus motar ta tashi da mata talatin da biyu, da direba Omar, da jagorar tafiya, wata matashiya 'yar Tunisiya mai suna Ibtissam, wadda ba ta rabuwa da lasifika. Kafin su kai iyaka Ɗijatu ta zagaya motar da kilishi, ta san sunan kowa da na jikokinsa.

A tsibirin Jarba ta fara ganin teku. Ta tsaya ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Ikon Allah! Duk wannan ruwa, ko ludayi guda ba ya shiga miya."

Rana ta uku, da azahar, aka sauke su a wani gidan abinci a bakin ruwa. Aka kawo faranti cike da jatan lande, jawur, ana ta tururi. Mabruka ta ture nata gefe. Ɗijatu ta ɗauki ɗaya ta juya shi, ta duba ƙafafunsa da gashin bakinsa.

"Wannan ai fara ce," in ji ta. "Farar teku. Mu da muka tashi da cin fara a Damagaram, wannan za ta ba mu tsoro?"

Ta cinye nata, ta janyo na Mabruka. Ta ce tafarnuwa ta ji, amma sun yi rowar barkono.

Suka koma mota, suka ɗauki hanyar garin Matmata. Ibtissam tana tsaye tana ba da labarin mutanen da ke haƙa gidajensu a ƙarƙashin ƙasa, sai Ɗijatu ta ji tafin hannunta yana ƙaiƙayi. Can wuya ya ɗauka, sai bayan kunne. Ta taɓa leɓenta ta ji kamar ba nata ba. Kunya ta kama ta, ta ja mayafi ta rufe baki ta yi tsit. Shirun nan ne ya tona mata asiri, don Mabruka ba ta taɓa ganin ta yi minti goma ba magana ba.

"Ɗijatu, kai lafiya? Me ya sa ka rufe baki?"

Ta yaye mayafin, ta saki salati da ƙarfi. Leɓen ya kumbura suntum, idanu sun kusa rufewa, numfashi yana fita da shessheka. Ibtissam ta jefar da lasifika ta rugo. Kallo ɗaya ta yi ta tambayi abin da ta ci, ta juya ta ce wa Omar ya nufi asibiti mafi kusa, kada ya tsaya ko'ina.

Tafiyar minti goma sha biyar ce, amma Ɗijatu ta ce ta fi mata ƙetare Sahara tsawo. Matan mota suna ta addu'a, wata tana yi mata fifita da takardar jadawalin tafiya, Mabruka ta riƙe hannunta gam. Ta yi kalmar shahada a zuci. Ta tuna Murja, ta tuna Rabe, hawaye suka zubo. Sai kuma wani tunani ya faɗo mata: a ce a Tayuri, Ɗijatu mai girki abinci ne ya kashe ta! Ta roƙi Allah ya raba ta da wannan abin faɗa.

A ƙaramin asibitin wani gari likita ya yi mata allura a cinya, aka sa mata ruwa. Kafin la'asar numfashi ya daidaita. Likitan ya ce jininta ne bai karɓi abincin ba, kuma daga yau ita da duk wani abin teku mai ɓawo haihata-haihata. Ya ce sai ta kwana. Matan suka ce su ma ba inda za su, amma Ɗijatu ta yi musu nuni da hannu su tafi, gidajen ƙarƙashin ƙasa na jiransu. Mabruka ce ta zauna.

Ita ce ta kira Rabe a waya. "Malam Rabe, Ɗijatu ya ci fara na ruwa, baki ya zama babba, yanzu yana asibiti."

Rabe ya rikice, ya ce sai ya gan ta da idonsa. Aka buɗe bidiyo. Ya dube ta, ya tambayi ko tana iya numfashi, ta gyaɗa kai. Ya yi hamdala sau uku. Daga nan ya sake duban leɓen, ya yi ta cije baki, dariya ta ƙwace masa.

"Ashe waldar tawa ta ɓalle!"

"Malam, Allah ya kai mu gida," in ji ta da ƙyar, ita ma dariyar tana cin ta.

Washegari da hantsi kumburi ya saɓe. Aka kawo mata wani soyayyen abu siriri mai ƙwai a ciki, sunansa birik. Ta sa Mabruka ta tambaya har sau biyu ko akwai abin teku, sannan ta gutsura. Ba a jima ba nas ta zo duba ta ta tarar da gado wayam. Can aka same ta a kicin ɗin asibiti, da filasta a hannu, mai dafa abinci tana nuna mata yadda ake naɗe shi kafin a jefa a mai.

Da azahar motar ta biyo ta ɗauke su. Tana taka ƙofa matan suka kaure da guɗa kamar an kawo amarya, Omar ya danna oda. Sauran kwanakin ba ta sake cin abinci cikin sakewa ba, don kowane faranti sai mata huɗu sun bincika shi kafin ya iso gabanta. A Ƙairawan ta yi nafila a babban masallaci, ta sayo wa Rabe jar hula.

Matan nan ba su watse ba bayan an dawo. Da yawansu mutanen Fezzan ne, kuma duk mai biki a cikinsu Ɗijatu da Mabruka take nema. Sun yi girki biyu a garin Ghuddwa. Mako mai zuwa akwai na 'yar Hajiya Asma a garin Samnu. Hajiyar ce ta yi mata fifita a mota, kuma ta ce birik ɗari huɗu take so. Tun jiya Ɗijatu ke bin maƙwabta tana neman aron babban kasko.